Yadda masu amfani da Linux ke tsara fuskar kwamfutarsu da hannunsu

A ranar 14 ga Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Sai wadda ke da guntun tsaro na TPM 2.0, da RAM aƙalla gigabayit 4, da injin da bai tsufa sosai ba.

Wannan ya bar ɗimbin kwamfutoci masu lafiya a tsaka mai wuya, ciki har da laftof ɗin gwanjo da ɗalibai da masu shagunan buga takardu suka dogara da su.

Ɗaya daga cikin mafitar ita ce Linux, manhajar kyauta mai buɗaɗɗen tushe da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Sai dai wanda ya koma can zai tarar da abin da bai saba gani ba: Linux ba ta da fuska guda. Mai kwamfuta ne ke zaɓar yadda allonsa zai kasance.

Mene ne mai tsara tagogi?

Duk manhajar da aka buɗe tana fitowa ne a cikin taga. Akwai wata ƙaramar manhaja da aikinta shi ne yanke hukuncin inda kowace taga za ta tsaya, da girmanta, da wadda za ta karɓi abin da ake bugawa. Ita ake kira mai tsara tagogi.

A Windows wannan manhaja a ɗinke take da sauran tsarin, ba a cire ta. A Linux kuwa ana sauya ta kamar yadda ake sauya riga.

Yawancin mutane suna amfani da cikakkun tsare-tsare irin su GNOME da KDE Plasma, waɗanda ke zuwa da komai a shirye. Wasu kuma sun fi son su ɗauki mai tsara tagogi shi kaɗai, su haɗa masa abin da suke buƙata. Da yake ba ya jan kayan da ba a nema ba, yana cin RAM kaɗan. Shi ya sa antiX, wani nau'in Linux da aka yi domin tsofaffin kwamfutoci, ke zuwa da IceWM.

Tagogi a jere kamar tayil

Masu tsara tagogi iri biyu ne. Na farko yana barin tagogi su hau kan juna kamar takardu a kan tebur. Na biyu yana jera su gefe da gefe kamar tayil, ba wadda ke rufe wata. Idan taga ɗaya ce sai ta cika allo, idan aka buɗe ta biyu sai su raba shi.

Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Windows ta farko da ta fito a 1985 ma haka take jera tagoginta.

Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai i3, wanda Michael Stapelberg ya fara a 2009. Kusan komai a cikinsa da madannai ake yi, ba sai an taɓa linzami ba. Maɓalli biyu ne ke kai mutum daga wannan fagen aiki zuwa wancan, wato yana iya ajiye burauza a fage na 1, rubutunsa a na 2. Dukkan saitin yana cikin fayil guda na rubutu zalla, wanda za a iya kwafa a filasha a kai wata kwamfutar.

Akwai kuma dwm da Anselm Garbe ya fitar a 2006. Masu shi sun ɗora wa kansu ƙa'idar kada rubutun manhajar ya wuce layi 2,000. Ba shi da fayil ɗin saiti irin na i3: mai son canza ko da launi ne sai ya gyara rubutun manhajar a harshen C, ya sake harhaɗa ta. Daga jikinsa aka samar da awesome a 2007, wanda ake saita shi da harshen Lua.

Zirin da ke ba da labari

Mai tsara tagogi shi kaɗai ba lallai ne ya nuna agogo ko cajin batir ba. Wannan aikin zirin bayanai ne, siririn layin da ke saman allo ko ƙasansa.

i3 yana zuwa da nasa, i3bar, wanda ke karɓar bayanai daga i3status. Masu son kwalliya sukan koma Polybar ko Waybar, inda ake zaɓar abin da zai bayyana ɗaya bayan ɗaya: lokaci, ƙarfin Wi-Fi, zafin inji, sauran wurin ajiya. Ana yi wa Waybar ado da CSS, harshen da ake ƙawata shafukan intanet da shi.

Abin ya wuce ado. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ana iya saita zirin ya rikiɗe ja idan batir ya sauka zuwa wani mataki. Mai rubutu da Hausa kuma yana iya sa ya nuna masa tsarin madannan da yake kai, tun da Linux tana da tsarin Hausa mai haruffan ɓ, ɗ da ƙ.

Sauyin da ya girgiza tsofaffin hannu

Shekaru da dama galibin waɗannan manhajoji a kan X11 suke tsaye, tsarin nuna hoto da ya samo asali a jami'ar MIT ta Amurka, wanda sigarsa ta 11 ta fito a 1987. Matsalarsa ita ce manhaja ɗaya tana iya leƙen abin da ake bugawa a tagar wata, har da kalmar sirri.

A 2008 Kristian Høgsberg ya fara Wayland domin maye gurbinsa. Fedora ta mayar da shi zaɓin farko a 2016, Ubuntu kuma ta tsaya a kansa daga 2021.

Amma i3 da dwm da Polybar domin X11 aka gina su. Wanda ya shafe shekaru yana gyara saitinsa sai ya ga aikin na neman tashi a banza. Wannan ne ya sa Drew DeVault ya fara Sway, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2019. Sway yana aiki a kan Wayland, kuma yana karanta fayil ɗin saitin i3 da ɗan gyara kaɗan. Hyprland da ya bayyana a 2022 ya ja hankalin matasa da tagogi masu motsi da kusurwoyi masu lanƙwasa.

Kyauta ne, amma akwai farashi

Ba a biyan ko kwabo, amma ana biya da lokaci. Wanda ya buɗe dwm karon farko zai tarar da allo kusan fayau, babu alamar da zai latsa. Haɗa Wi-Fi, kulle allo, daidaita sauti da haske, kowanne sai an nemo masa manhaja an saita. Galibin littattafan bayanin kuma da Turanci suke.

Sauƙin abin shi ne ba dole ne a rabu da tsohon tsari ba. Ana iya girka i3 ko Sway kusa da GNOME ko KDE, a zaɓi wanda ake so a wajen shigar da kalmar sirri. Idan saiti ya rikice, sai a fita a koma wanda aka saba da shi, a gyara fayil ɗin daga can.