Bayani a kan Ciwon Gudawar Jini na 'Yan Kwikwiyo

Sananne ne ga malamai cewa Shari'a ta halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne. To, wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta da maganinta duk suna wuyansa. Don haka ya kyautu a san wata cuta da likitocin dabbobi ke ce wa farbo.

A shekarar 1978 aka fara gane ta, kafin shekara 2 ta game duniya. Ba ta kama ɗan Adam. Kuma ba ita ce haukan kare ba, allurar wancan ba ta tsare wannan.

Ta fi kama kwikwiyo ɗan mako 6 zuwa wata 6. Kwana 3 zuwa 7 bayan ya shinshini kashin mai cutar, sai ya ƙi abinci, ya lafe, ya dinga amai, sa'an nan gudawa ta biyo da jini da ɗoyi mai tsanani. Ƙwayar cin bangon hanji take yi, ruwan jiki ya tsiyaye, ɗan abin ya bushe. In an ƙyale su, kusan 9 cikin 10 mutuwa suke yi. In an kai asibitin dabbobi da wuri, akasarinsu suna tashi, don jigon maganin ƙarin ruwa ne ta jijiya, da tsai da amai, da allurar da ke hana ƙazantar hanji ɓata jini. Masu ɗura wa kwikwiyo jiƙo yana kelayawa, lokaci kawai suke ɓatawa.

Rigakafinta allura ce, amma ba sau ɗaya ba, nan ne mutane ke sakaci. Ana farawa yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya cika mako 16, saboda kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya dakushe allurar fari. Bayan shekara a ƙara.

Fatake kuwa su lura, ƙwayar tana bin takalmi daga kasuwa zuwa gida, tana kuma yin watanni da rai a ƙasa mai inuwa. Sabulu ba ya kashe ta, sai bilic, awo 1 cikin ruwa awo 30, bayan an kwashe kashin. Kwikwiyon da aka sayo a ware shi mako 2 kafin ya gamu da na gida.