Rigar Kariya da Sammacin Al-Bashir

 Tambayarmu ta yau ita ce, ana iya gurfanar da shugaban ƙasa gaban kotu alhali yana kan karagar mulki?

A Najeriya, sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya wa shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu rigar kariya. A 2002, cikin ƙarar da Gani Fawehinmi ya shigar, Kotun Ƙoli ta ce ana iya bincikensu, amma tuhuma sai sun sauka. Masu goyon bayan wannan tsari na cewa in kowane ɗan adawa zai iya jan shugaba kotu, mulki zai tsaya cik. A kan ƙananan ƙararraki, mun yarda. Amma in laifin na zubar da jinin talakawa ne, cewa a jira ya sauka zalunci ne na biyu, domin mai irin wannan laifi shi ne ba ya yarda ya sauka.

Omar al-Bashir ya karɓe mulkin Sudan a 1989, ya riƙe shi shekara talatin. A Maris 2009 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama shi kan kashe-kashen Darfur, a 2010 ta ƙara da tuhumar kisan ƙare dangi. Yarjejeniyar Rum da ta kafa kotun, a sashe na 27, ba ta ware mai muƙami ba. Duk da haka Al-Bashir ya zo Abuja taron Tarayyar Afirka a 2013, ya je Afirka ta Kudu a 2015, ya fice bayan wata kotun ƙasar ta hana shi tafiya. Kotun duniya ba ta da 'yan sanda, sai abin da ƙasashe suka miƙa mata.

Akwai masu cewa kotun ta 'yan Afirka ce kawai, kuma Amurka da Rasha da Sin, waɗanda ke da kujerar dindindin a Kwamitin Tsaron Majalisar Ɗinkin Duniya da ya miƙa mata batun Darfur a 2005, ba mambobinta ba ne. Akwai gaskiya a wannan ƙorafi, kuma yana da ciwo. Sai dai maganinsa a faɗaɗa hannun shari'a ta kai ga manya, kamar sammacin da aka fitar kan shugaban Rasha Putin a 2023. Waɗanda aka ƙona wa ƙauyuka a Darfur su ma 'yan Afirka ne, kuma son kan manyan ƙasashe bai soke haƙƙinsu ba. Kuma hannun shari'a ya taɓa kaiwa ga shugaba mai ci: Charles Taylor yana shugaban Laberiya aka tuhume shi a 2003, aka cafke shi a Gamboru Ngala a 2006, aka yanke masa shekara hamsin a 2012.

Shi kuwa Al-Bashir, bayan kifar da shi a 2019, kotun Sudan ta yanke masa shekara biyu kan almundahanar kuɗi, ba kan jinin Darfur ba.