Rikicin Shiga Gandun Daji Da Bindiga A Amurka

Duk wanda ya taɓa zuwa gandun dajin Mole, can kusa da Larabanga, ya san yadda tsarin yake. Idan za a fita da ƙafa kallon giwaye, ma'aikacin gandun ne ke gaba da bindiga a kafaɗa, baƙi kuma suna biye da shi hannu rabbana. Mu a nan Gana ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin gardama ba. To amma a Amurka, inda 'yan'uwanmu da yawa na zango suke zaune suna neman abinci, wannan magana ta kai gaban alƙali, ta kai Majalisa, har yau kuma ba a gama ta ba. Tambayar ita ce: shin mutum yana da iko ya shiga gandun dajin gwamnati da ƙaramar bindiga ɗure da harsashi, a ɓoye cikin riga?

Asalin hanin

Gandun daji na farko da Amurka ta keɓe shi ne Yellowstone, a shekarar 1872. An keɓe shi a takarda, amma ba a tanadi wani hukunci na kirki ga mai yi masa ɓarna ba. Saboda haka mafarauta suka yi ta karkashe ɓaunar ƙasar, har aka kai sojoji gadin wurin a 1886. A watan Maris na 1894 aka kama wani mafarauci mai suna Edgar Howell yana cikin fiɗar ɓaunayen da ya harbe. Abin da hukuma ke iya yi masa a lokacin bai wuce a ƙwace kayansa a kore shi daga dajin ba. Da labarin ya fita a jarida mutane suka fusata, kuma kafin watan Mayu ya ƙare Majalisa ta yi dokar da ta hana farauta a wurin. Duk da haka, zuwa 1902 ɓaunar dawa da ta rage a gandun ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba.

Watau tun farko ba don tsoron 'yan fashi aka sa wa bindiga ido a gandun daji ba. Don kare namun daji ne. A shekarar 1983, zamanin Shugaba Reagan, aka sake tsara ƙa'idar. Aka ce mutum na iya wucewa da bindigarsa, amma sai ya cire harsasai ya adana ta inda hannu ba zai kai da sauri ba, kamar bayan mota. Ma'aikatan gandun sun ji daɗin wannan tsari domin ya sauƙaƙa masu aiki: duk wanda suka gani a daji da bindiga ɗure, sun san ba da alheri ya zo ba.

Yadda aka juya dokar

Masu son a sassauta suna kafa hujja da gyara na biyu na tsarin mulkin ƙasar, wanda aka zartar a 1791, mai magana a kan 'yancin mallakar makami. A watan Yuni na 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Heller cewa wannan 'yanci na kowane mutum ne a kan kansa. A watan Disamba na shekarar, gwamnatin Shugaba George W. Bush, tana dab da sauka, ta fitar da sabuwar ƙa'ida: wanda jiha ta ba lasin ɗaukar bindiga a ɓoye yana iya shiga gandun daji da ita. Ƙa'idar ta fara aiki ranar 9 ga Janairu, 2009.

Ba ta yi wata uku ba. Ƙungiyar Brady mai yaƙi da yaɗuwar bindigogi, da ƙungiyar masu kishin gandun daji, da ta tsofaffin ma'aikatan gandun, suka kai ƙara. Akwai dokar da ta tilasta wa gwamnati ta binciki illar da duk wani sabon tsari zai yi wa muhalli kafin ta zartar da shi, kuma ba a yi wannan bincike ba. Amsar gwamnati ita ce, tunda ƙa'idar izinin riƙe bindiga ta bayar ba izinin harbi ba, to babu wata illa da za a bincika. Mai shari'a Colleen Kollar-Kotelly ba ta karɓi wannan ba. Ranar 19 ga Maris, 2009 ta dakatar da ƙa'idar.

Sai dai abin da ya gagara ta ƙofa ya shiga ta taga. A lokacin Majalisa na kan wata doka da za ta hana bankuna cutar masu amfani da katin cin bashi, doka ce kuma da Shugaba Obama yake matuƙar so. Sanata Tom Coburn na jihar Oklahoma ya liƙa maganar bindiga a jikinta. Majalisar Dattawa ta amince da ƙuri'a 67, masu ƙi 29. Majalisar Wakilai ma ta bi, 279 da 147. Obama ya sa hannu ranar 22 ga Mayu, 2009, sashen bindigar kuma ya fara aiki ranar 22 ga Fabrairu, 2010. Ga shi dai dokar banki ce, amma ita ta buɗe wa bindiga ƙofar daji.

Abin da dokar ta ce

Tun daga ranar, dokar jihar da gandun yake ciki ita ake bi. Wanda jihar ta yarda ya ɗauki bindiga a kan titi, yana iya ɗaukarta a gandun. Amma akwai abubuwa uku da ba su canja ba. Na ɗaya, farauta haram ce a yawancin manyan gandayen. Na biyu, harba bindiga laifi ne, ko da gwajin saiti mutum yake yi. Na uku, ba a shiga da ita ginin gwamnatin tarayya inda ma'aikata ke aiki, kamar ofishin karɓar baƙi, kuma akan manna sanarwa a bakin ƙofa.

A nan ne ruɗani yake. Gandun daji bai san iyakar jiha ba. Yellowstone ya ratsa jihohi uku, Wayomin da Montana da Aidaho. Gandun Death Valley yana tsakanin Nebada da Kalifoniya, ita Kalifoniya kuwa ba ta amincewa da lasin da wata jiha ta bayar. Akwai kuma hanyar ƙafa ta duwatsun Apalaciya da ta keta jihohi 14. Mutum na iya tashi da safe yana kan doka, kafin azahar ya zama mai laifi, bai yi komai ba sai tafiya.

Hujjar kowane ɓangare

Masu goyon baya suna cewa daji yana da faɗi, ma'aikata kuma kaɗan ne. Idan mugu ko dabba ta tare mutum inda waya ba ta kamawa, kafin taimako ya iso an gama. Suna ƙarawa da cewa mai mugun nufi dama ba ya tsayawa karanta doka, mai gaskiya kaɗai hani ke ɗaure wa hannu.

Masu adawa kuma suna cewa gandayen nan suna cikin wuraren da aikata laifi ya fi ƙaranci a ƙasar, ga shi ana ziyartarsu fiye da sau miliyan 300 a shekara. Game da dabbobi, suna nuni da beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da manyan farata wadda aka fi tsoro. Tun 1872 mutum 8 ta kashe a cikin Yellowstone, alhali waɗanda suka mutu ta hanyar faɗawa maɓuɓɓugan ruwan zafi na wurin sun haura 20. Shawarar hukumar gandun ita ce mutum ya nisanci beyar da yadi 100, ya kuma riƙe gwangwanin feshin barkono mai korar ta ba tare da kisa ba.

Abubuwa biyu da suka faru sun ƙara wa gardamar zafi. A watan Mayu na 2010, wata uku da fara dokar, wani matafiyi ya harbe beyar da ƙaramar bindiga a gandun Denali na jihar Alaska, ya ce ta taso wa abokiyar tafiyarsa. Ba a gurfanar da shi ba. Sa'an nan ranar 1 ga Janairu, 2012 wani ɗan bindiga ya kashe ma'aikaciyar gandun Dutsen Rainier, Margaret Anderson, mai 'ya'ya biyu, lokacin da ta tare masa hanya. Wasu suka ce ga abin da muka faɗa, bindiga ta yi yawa. Wasu suka ce mutumin dama yana gudun hukuma ne, babu dokar da za ta tsayar da shi. Gawa ɗaya, hujja biyu.

Tsugune ba ta ƙare ba

A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli ta sake magana a shari'ar Bruen, ta ce 'yancin riƙe bindiga bai tsaya a cikin gida ba, amma ta yarda akwai wurare na musamman da za a iya hana shiga da ita. Jihohin Niyok da Kalifoniya suka yi maza suka jera irin waɗannan wurare, har da wuraren shaƙatawa, aka kuma koma kotu. A ɗaya gefen, fiye da rabin jihohi 50 sun daina neman lasin ɗaukar bindiga a ɓoye. Ke nan abin da aka yarda da shi a daji ya dogara ga ƙasar da ƙafar mutum take takawa.

Ga 'yan'uwanmu da ke can, da masu shirin kai masu ziyara, muna da jan kunne. Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da takardun zama riƙe bindiga ko harsashi. Haka nan mai bizar ziyara ko ta karatu, in ban da wasu 'yan keɓe-keɓe. Kada wani ya ga abokin aikinsa Ba'amurke da ita a ƙugu ya ɗauka shi ma an yardar masa, ko da aro ne na minti biyar don ɗaukar hoto. Abin na iya kaiwa ga kurkuku da kora daga ƙasar. Matambayi ba ya ɓata.

A namu ganin, wanda ya je kallon halittun Allah ya bar wa mai gadin daji aikinsa, kamar yadda muke yi a Mole. Allah Ya kiyaye mu da namu a duk inda suke, amin.