Kaɗaicin 'Ya'yan Baƙi a Madécali

Ya ku iyaye, a Madécali da ke yankin Malanville akwai matasa waɗanda neman halali ya kawo iyayensu daga Gaya, Kamba ko Sakkwato. Uba ya sami abokan hulɗa a kasuwa da masallaci, uwa tana da maƙwabta da gidajen suna. Yaron fa?

A gida da Hausa ake yi masa magana, a makaranta da Faransanci, a filin ƙwallo kuwa da harshen Dendi. Idan harshensa ya karkace aka yi masa dariya, sai ya koma ɗaki ya rungumi waya. Mu kuma mu riƙa yabonsa, wai ɗan kirki ne, ba ya yawo.

A da, hutun makaranta ke rage masa kewa, domin yakan je wurin kakanni. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Malanville zuwa Gaya, ƙetarawa ta koma ta kwale-kwale. Wane uba ne zai sa ɗansa shi kaɗai cikin jirgin? Sai ga yaro kakarsa na hayin kogi, amma muryarta kawai yake ji ta WhatsApp.