Panda da Gora: Yadda Dabba Take Rayuwa a kan Abincin da Ba Ta Iya Narkarwa Sosai



Batun da za mu duba a yau ya shafi wata dabba mai launin fari da baƙi da ake kira panda, wadda take zaune a duwatsun lardunan Sichuan, Shaanxi da Gansu na ƙasar Sin. Asalinta daga dangin dabbobi masu cin nama take, amma kashi 99 bisa ɗari na abincinta gora ce. Tambayar ita ce, nawa take samu daga abin da take ci?

Domin mu fahimci wannan, sai mu kwatanta ta da saniya. Tumbin saniya ɗaki huɗu ne, tana tuƙa, kuma ciyawa takan yi kwana 2 ko fiye a cikinta, inda ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani suke ruɓar da zaren tsiro mai tauri. Ta haka takan narkar da fiye da rabin abin da ta ci. Ita kuwa panda tumbinta ɗaya ne, hanjinta gajere irin na kare, abinci kuma yakan fita kafin rabin yini. Binciken da George Schaller da Hu Jinchu da abokan aikinsu suka yi a gandun Wolong, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa kimanin kashi 17 bisa ɗari kaɗai take narkarwa.

To, ƙaƙa take rayuwa? Hanyoyi uku ne. Na farko, yawan ci. Takan shafe awa 12 ko fiye tana ci, ta cinye kilo 12 zuwa 38 a rana, gwargwadon ɓangaren gorar da ta samu. Na biyu, zaɓe. Takan bi sabon toho daga gindin dutse zuwa samansa yayin da yake fitowa, ta koma ga ganye idan toho ya ƙare, domin a nan furotin ya fi yawa. Wani bincike na 2019 ya gano cewa kusan rabin kuzarin da take samu daga furotin yake, kamar dai na dabbobi masu cin nama.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne tsimi. A 2015 Wei Fuwen da abokan aikinsa sun auna kuzarin da panda take ƙonawa a rana, suka tarar kashi 38 bisa ɗari ne kawai na abin da ake zato ga dabba mai girmanta. Hantarta, ƙodarta da ƙwaƙwalwarta ƙanana ne, tafiyarta kuma a hankali take.

Abin lura a nan shi ne, dabbar da take rayuwa da ɗan abin da ya saura tsakanin samu da kashewa ba ta da ajiyar da za ta jure fari. Gora takan yi fure ta mutu gaba ɗaya bayan shekaru masu yawa. Da hakan ta faru a duwatsun Min a tsakiyar shekarun 1970, fiye da panda 100 suka mutu, domin gonaki da ƙauyuka sun tare musu hanyar zuwa wata gorar. Ƙidayar da aka kammala a 2014 ta sami panda 1,864 a daji. Saboda haka kiyaye su yana bukatar daji mai faɗi, mai gora iri-iri, da hanyoyin da suke haɗa wannan dutse da wancan.