Mai Aikin Lantarki a Amurka: Ba a Sabunta Lasisi Sai An Koma Aji

A jihar Texas ta Amurka, mai aikin lantarki ko da ya shekara talatin yana jan waya, dole ne ya zauna darasi na awa 4 a kowace shekara kafin hukuma ta sabunta masa lasisi. Idan ya ƙi, takardarsa ta mutu, kuma duk aikin da ya karɓa bayan nan ya saɓa wa doka. Darasin ya ƙunshi ƙa'idojin wayarin, dokokin jihar, da yadda ma'aikaci zai tsare ransa a bakin aiki.

Kowace jiha da nata tsarin, domin gwamnatin tarayya ba ta ba da wannan lasisi. Minnesota tana neman awa 16 a shekara biyu. Massachusetts tana neman 21 a shekara uku. Jihar Washington kuwa 24 ne a shekara uku, 8 daga ciki a kan sauye-sauyen ƙa'ida, 4 a kan dokokin jihar. New York ma ba ta da lasisin jiha baki ɗaya, birane da ƙananan hukumomi ta bar wa ragamar.

Me zai sa a mayar da gogaggen ma'aikaci aji? Ai lantarki bai sauya hali ba, yadda yake kisa jiya haka yake yi yau. Gaskiya ne, amma abin da aka sani game da tsare mutane daga sharrinsa yana sauyawa, kuma akwai littafin da ake tara wannan sanin a cikinsa. Shi ne kundin ƙa'idojin lantarki na Amurka da ake kira NEC. An fara buga shi a 1897, ƙungiyar kare gobara ta NFPA ta karɓi ɗawainiyarsa a 1911, yanzu kuma duk bayan shekara uku ake fitar da sabon bugu, kamar na 2017 da 2020 da 2023. Kundin ba doka ba ne sai jiha ta amince da shi, shi ya sa za a tarar wata jiha tana aiki da sabo, maƙwabciyarta tana kan tsoho. Wanda ya ci jarrabawar lasisi a 1995, an sake buga littafin da ya karanta kusan sau goma.

Kuma ba gyaran waƙafi ake yi ba. A ɗauki na'urar nan da ke katse wuta idan ta fara bi ta jikin mutum. Aikinta shi ne auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. Idan aka samu giɓi, ko da na miliamfiya 5 ne, ta san wuta ta sami wata hanya, wataƙila ta hannun yaron da ya taɓa soket da jiƙaƙƙen yatsa, sai ta yanke nan take. Fis na gargajiya ba ya yin haka, domin shi waya yake tsarewa daga ƙonewa, kuma ɗan abin da zai tsayar da zuciyar mutum bai kai ya tsinka fis ba. Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar California da ke Berkeley ne ya ƙirƙiro na'urar a farkon shekarun 1960. Kundin ya fara wajabta ta a fitilun wuraren ninƙaya a 1968, ya kai ta banɗaki a 1975, ya shigar da ita kicin a 1987, kuma har yau kusan kowane bugu sai ya ƙara mata wuri. Ma'aikacin da ya tsaya a kan abin da maigidansa ya koya masa zai yi aiki mai tsafta, fitila ta kama, fanka ta juya, amma ya bar tarko a banɗaki bai sani ba.

Haka aka yi ta ƙari. Bugun 1999 ya kawo na'urar da ke gane tartsatsin waya a cikin bango kafin ya zama gobara. Na 2008 ya wajabta soket mai ƙofa daga ciki, wanda yaro ba zai iya cusa masa ƙusa ba. Na 2014 ya shiga batun sola: faranti a kan rufi ba ya daina ba da wuta muddin akwai rana, ko da an kashe mita, don haka aka ce sai an sa hanyar sauke ƙarfin wutar cikin gaggawa saboda 'yan kwana-kwana da za su hau rufin. Na 2020 ya nemi a sa makashin wuta a wajen gida, saboda su dai.

Wani darasin kuma da tsada aka saye shi. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, jan ƙarfe ya yi tsada, sai aka yi wa gidaje da yawa wayarin da alminiyam. Daga baya aka gane yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, har mahaɗa ta saki, ta yi zafi, ta kama. Waɗanda suka ɗaura wayoyin nan ba ha'inci suka yi ba, abin da aka yarda da shi a zamanin suka bi. Sai da aka sake faɗakar da su.

Sai dai tsarin yana da nasa rauni, kuma ba ƙarami ba. Yawancin darussan kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayar da su, da yawa ta intanet. Mutum zai iya kunna kwamfuta, ya yi ta danna gaba hankalinsa yana wani wuri, a ƙarshe a ba shi takardar shaida. Awa 4 a shekara ma, a gaskiya, ba ta isa a bi kundin da ya yi ɗaruruwan shafuka ba. A ganina jihohin da suka fi dacewa su ne irin Washington da Massachusetts, waɗanda suka ware awoyi na musamman don sauye-sauyen kundin, maimakon a bar mutum ya zaɓi darasin da ya fi sauƙi. Ƙidayar awa ba ta nuna an koyi abu, abin da aka sa a cikin awar shi ne magana. Duk da haka, ko ba komai, wanda aka tilasta wa buɗe sabon bugu ya fi wanda bai san an buga shi ba.

Batun bai yi nisa da mu ba. Wayarin Najeriya a kan tsarin Birtaniya ya taso, kuma ita ma Birtaniya ta kai bugu na 18 na nata kundin tun 2018. Muna da hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, mai duba ayyukan lantarki da ba masu yin su takardar shaidar ƙwarewa. Amma yawancin masu yi mana aiki a unguwa a hannun oga suka koya, kuma yau su ne ke haɗa sola da inbata da batirin litiyam, alhali wutar batir ba ta da halin wutar NEPA: idan ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa, kuma ba kowane makashi ne ke iya yanke ta ba. Ƙungiyoyin masu wannan sana'a a Kano da Kaduna da Sakkwato ba sai sun jira doka ba kafin su riƙa tara mambobinsu ko sau ɗaya a shekara, a kira malami daga kwalejin fasaha ya yi musu bita. Kai kuma maigida, kafin ka miƙa wa mutum aikin gidan da iyalinka za su kwana, ka tambaye shi takardarsa, ka kuma tambaye shi yaushe rabonsa da zama a gaban malami.