Ɓatan Bayanan Fom Bayan Shiga Shafi: Nazari Daga Rajistar Ɗalibai a Ƙasar Daura

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wata matsala wadda masu gina shafukan intanet sukan ɗora wa mai cike fom, alhali kuwa laifin ba nasa ba ne. Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura cikin 2019, kuma JAMB ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ɗalibai daga Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure sun ƙara dogara ga shagunan kwamfuta na cikin gari wajen yin rajista. Ɗalibi zai biya kuɗin mota, ya cike fom mai tsawo, ya danna aikawa, sai a ce ya sake shiga. Da ya shiga, sai ya tarar da fom wayam.

To, ga yadda abin yake faruwa. Fom yana tafiya zuwa sabar ta hanyar da ake kira POST, watau saƙo mai ɗauke da bayanai a cikinsa. A tsarin ASP.NET, wanda Microsoft ta fitar a 2002, zaman mai amfani yana ƙarewa bayan minti 20 na rashin motsi, in ba a sauya ƙa'idar ba. Minti 20 kuwa ba kome ba ne inda wuta take ɗaukewa, sai an ta da janareta, ko yaro ya koma gida neman lambar NIN. Idan izinin shiga ya ƙare, sabar takan mai da amsa mai lamba 302, ta tura burauza zuwa shafin shiga. A nan ne ɓarnar take: burauza tana riƙe adireshin komawa kawai, ta koma da GET, wanda ba ya ɗauke da bayanan da aka cike. Saboda haka IsPostBack ya zama ƙarya, shafin ya ɗauka baƙo ne sabo.

Mai gyara yakan ɓata kwanaki yana binciken maɓallin aikawa, kuma a ganina wannan shi ne babban kuskure. Abin da ya kamata shi ne ya buɗe kayan bincike na burauza, ya hana goge jerin buƙatu, sa'an nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya: POST, 302, GET. A ofis mai intanet mai sauri matsalar ba ta bayyana, sai ya rage wa'adin zaman zuwa minti ɗaya da gangan.

Akwai wata mai kama da ita. Tun daga 2020 Chrome ya daina aika kukis marasa alamar SameSite tare da POST da ya fito daga wani shafi, sai cikin ɗan taƙaitaccen lokaci. Ɗalibin da ya dawo daga shafin biyan kuɗi yakan ga an fitar da shi, ya sake biya don tsoro.

Maganin na farko shi ne a riƙa ajiye fom kashi-kashi a rumbun bayanai, ta yadda sake shiga ba zai share abin da aka riga aka cike ba.